Diyyar rauni a wurin aiki: Abin da dokar Najeriya ta tanada

Duk ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki a Najeriya yana da haƙƙin a biya shi diyya, ko da kuwa aikin yini guda aka ɗauke shi, ko da kuma babu wata takarda tsakaninsa da wanda ya ɗauke shi. To sai dai a yankuna irin na Sandamu da ke masarautar Daura, kaɗan ne daga cikin leburori suka san da wannan haƙƙi, balle su neme shi kafin wa'adinsa ya wuce.

Sandamu na ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi biyar da suka haɗu suka tayar da masarautar Daura a jihar Katsina. Sauran su ne Daura da Baure da Mai'aduwa da Zango. Garin na kan babbar hanyar da ta taso daga Kano ta biyo ta Kazaure zuwa Daura, kuma ƙidayar shekarar 2006 ta nuna cewa ƙaramar hukumar na da mutane sama da dubu 130, akasarinsu manoma da makiyaya.

A zamanin mulkin marigayi Muhammadu Buhari, wanda ɗan asalin Daura ne, manyan ayyukan gine-gine sun shigo wannan yanki. A watan Disamban 2019 aka aza harsashin ginin jami'ar sufuri ta Daura, sannan a watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin shimfiɗa layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda ya ratsa ƙasar Daura. Matasan da a da sai sun tafi ci-rani Kano ko Abuja ko Legas kafin su sami aikin leburanci, sai ga shi ya iske su har gida.

Amma akasarin aikin ƙarfi a yankin ba a hannun manyan kamfanoni yake ba. Yana hannun ƙananan 'yan kwangila ne, da masu gidajen buga bulo, da masu shagunan walda, da masu injinan niƙa da na casar shinkafa, da masu manyan gonakin da ke ɗaukar 'yan ƙwadago su yi musu feshin maganin ciyawa. A irin waɗannan wurare ne aka fi ganin mai walda yana kare idonsa da tabaran rana, mai kwaɓa siminti yana tsaye cikin kwaɓi da silifa, mai feshi kuwa ya rufe hancinsa da tsumma.

Wajibin da ke kan mai ɗaukar aiki

Dokar masana'antu ta 1987, wadda aka kafa a zamanin mulkin soja na Janar Ibrahim Babangida, ita ce ta ɗora wa masu masana'antu alhakin samar da kayan kariya. Sashe na 47 na dokar ya wajabta bai wa ma'aikatan da ke aiki cikin jiƙa ko da abubuwa masu cutarwa tufafi da kayan da suka dace, da suka haɗa da safar hannu da takalma da tabarau da hula, tare da kula da kayan domin kada su lalace. Sashe na 48 kuma ya keɓanta ne ga kare idanu a ayyuka irin su walda da wasa ƙarfe.

Daura da haka, Najeriya ta rattaba hannu a shekarar 1994 kan yarjejeniya mai lamba 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO. Yarjejeniyar ta ce mai ɗaukar aiki ne zai samar da kayan kariya, kuma ba za a ɗora wa ma'aikaci ko sisin kwabo na kuɗinsu ba. Ke nan ɗabi'ar nan ta yankar kuɗin hular kwano ko na takalmi daga albashin lebura ta saɓa wa abin da ƙasar ta amince da shi.

Raunin dokar ta 1987 shi ne hukuncinta. Idan mutum ya mutu ko ya ji rauni saboda mai masana'anta ya karya dokar, tarar ba ta wuce naira dubu biyar ba, ko ɗaurin da bai wuce shekaru biyu ba, ko kuma a haɗa duka. A shekarar 1987 wannan kuɗi ne mai kauri. A shekarar 2024 kuwa, da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira dubu 70, tarar ba ta kai ladan aikin kwana uku ba. Majalisar Dattawa ta amince da wani ƙuduri na maye gurbin dokar a shekarar 2012, amma bai zama doka ba, kuma har zuwa ƙarshen 2024 tsohuwar ce ake aiki da ita.

Daga 1941 zuwa 2010

Tunanin a biya ma'aikaci diyya ba tare da sai ya je kotu ya tabbatar da laifin ubangidansa ba, ya samo asali ne daga Jamus, inda gwamnatin Bismarck ta kafa inshorar haɗurra a shekarar 1884. Birtaniya ta bi sahu a 1897, sannan Turawan mulkin mallaka suka kawo irin wannan doka Najeriya a 1941.

Dokar diyya ta 1987 da ta biyo baya ta tanadi biyan kuɗi a dunƙule: albashin watanni 42 ga iyalan wanda ya mutu, da na watanni 54 ga wanda ya nakasa gaba ɗaya. Matsalar ita ce daga hannun mai ɗaukar aikin ko kamfanin inshorarsa kuɗin ke fitowa. Idan ya ƙi biya, ko ya karye, ko ya tattara nasa ya nasa ya bar gari, ma'aikacin ya tashi a tutar babu.

Wannan ne ya sa aka sake lale. A watan Disamban 2010 shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan sabuwar dokar biyan ma'aikata diyya, wadda ta mayar da al'amarin hannun Asusun Inshorar Ma'aikata na Najeriya, NSITF. A ƙarƙashin wannan tsari, kowane mai ɗaukar aiki zai riƙa zuba aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun kowane wata, kuma dokar ta haramta masa cire wannan kuɗi daga albashinsu. Idan haɗari ya auku, asusun ne zai biya.

Muhimmin abu a nan shi ne, asusun ba ya tambayar ko laifin wane ne. Abin da yake dubawa kawai shi ne ko raunin ya auku ne a sanadiyyar aikin ko a cikin gudanar da shi. Saboda haka maginin da ya faɗo daga bene ba sai ya kawo hujjar cewa an hana shi igiyar ɗaure ƙugu ba kafin a saurare shi.

Dokar ta kuma faɗaɗa ma'anar kalmar ma'aikaci ƙwarai da gaske. Ta haɗa da wanda aka ɗauka da baki da wanda aka ɗauka a rubuce, da na dindindin da na wucin gadi, da ɗan koyon sana'a, da mai aikin gida matuƙar ba ɗan gidan ba ne, da ma'aikatan gwamnatocin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi. Sojoji ne kawai aka ware. A bisa wannan ma'ana, yaron shagon walda a Sandamu da ma'aikacin banki a Legas matsayinsu ɗaya ne a gaban dokar.

Ba kuma yankewar hannu ko karaya kaɗai ake biya ba. Akwai cututtukan da aiki ke haddasawa sannu a hankali, kamar ciwon huhu a wurin masu fasa dutse ko ciwon fata a wurin masu aiki da sinadarai a masana'antun sarrafa fata irin na Sharaɗa da Chalawa a Kano. Akwai kurumtar da ƙarar injina ke jawowa. Har ma haɗarin da ya rutsa da mutum a kan hanyarsa ta zuwa aiki daga gida, ko ta komawa, yana ciki.

Nawa ake biya?

Maimakon kuɗi a dunƙule, sabuwar dokar ta fi karkata ga biya wata-wata. Wanda ya nakasa ta yadda ba zai sake iya aiki ba yana samun kashi 90 cikin ɗari na albashinsa kowane wata, a ƙa'ida har ya kai shekara 55. Wanda nakasarsa ba ta kai haka ba ana auna nasa ne da gwargwadon abin da ya rasa na ƙarfin neman abinci.

Idan mutuwa ce, matar da aka bari da 'ya'ya biyu ko fiye tana samun kashi 90 cikin ɗari na albashin mamacin, mai ɗa guda kuma kashi 85. Rabon 'ya'ya yana ci gaba har su kai shekara 21 ko su kammala digirin farko, duk wanda ya riga zuwa. Bugu da ƙari asusun na iya ɗaukar nauyin magani, da sayen hannu ko ƙafar roba, da koya wa wanda ya nakasa wata sana'ar.

Kwana 14, kwana 7, shekara guda

A nan ne akasarin haƙƙoƙi ke salwanta. Dokar ta buƙaci ma'aikacin da ya ji rauni, ko iyalansa idan ya rasu, su sanar da mai ɗaukar aikin cikin kwanaki 14, tare da bayanin lokaci da wuri da yanayin raunin. Shi kuma mai ɗaukar aikin wajibi ne ya kai rahoto ga NSITF cikin kwanaki bakwai, idan kuwa mutuwa ce, nan take. Takardar neman diyya kuma sai an shigar da ita cikin shekara guda, sai fa in akwai wani uzuri na musamman, inda za a iya karɓar ta cikin shekaru uku.

Rashin sanarwa na iya zubar da haƙƙin baki ɗaya, ko da yake dokar ta bar ƙofa: idan hukumar ta gamsu cewa mai ɗaukar aikin ko wakilinsa ya riga ya san da aukuwar lamarin, za ta iya sauraren buƙatar. Wanda bai gamsu da hukuncin hukumar ba yana da kwanaki 180 ya nemi a sake dubawa, daga nan kuma sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

A dubi yadda abin kan kasance a karkara. Injin casa ya kama hannun yaro. Mai injin ya ɗauke shi a babur zuwa asibiti, ko ma wajen mai ɗori, ya biya kuɗin magani na makon farko, ya kuma aika wa iyayensa da ɗan abin sayen goro. Dattawa su zauna, a yi jaje, a ce tsautsayi ne wanda ba ya wuce ranarsa. Kafin a ankara cewa hannun ba zai ƙara moruwa ba, watanni sun shuɗe, katin asibiti ya ɓace, abokan aikin da suka ga abin da ya faru sun watse neman wani aikin.

Sulhu irin wannan yana da amfaninsa, domin sau da yawa shi ne kaɗai taimakon da ke zuwa a kan kari. Amma ba ya share haƙƙin da doka ta bayar. Sashe na 13 na dokar 2010 ya ce duk wata yarjejeniya da ma'aikaci zai yi da ubangidansa ta yafe diyyarsa, ba ta da tasiri.

Hanyar kotu

Batun rashin kayan kariya ya fi nauyi ne idan aka zaɓi shigar da ƙara kan sakaci. A nan dole ne ma'aikacin ya tabbatar wa kotu abubuwa uku: cewa wajibi ne a kan mai ɗaukar aikin ya kare shi, cewa bai yi hakan ba, kuma cewa rashin yin hakan ne ya jawo raunin. Tun bayan gyaran tsarin mulkin da ya fara aiki a 2011, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin sauraren irin waɗannan ƙararraki, kuma tana da rassa a Kano da Kaduna. Ba a haɗa biyu: wanda ya karɓi diyyar asusun ba zai sake karɓar wata a kan rauni ɗaya ba.

Akwai shari'o'i biyu da lauyoyin Najeriya ke yawan kafa hujja da su, kuma dukkansu a kan ido ne.

Ta farko an yi ta ne a tsohuwar Jihar Yamma a shekarar 1965, tsakanin kamfanin Western Nigeria Trading da wani ma'aikacinsa mai suna Busari Ajao, wanda ɓarɓashin ƙarfe ya faɗa wa a ido. Kotun ta yanke cewa aikin mai ɗaukar ma'aikata bai tsaya ga sayen tabarau ba. Sai ya ba da umarni mai ƙarfi cewa a sa shi, ya kuma sa ido ya ga an sa. Wannan hukunci ya rufe bakin masu cewa kayan na nan jibge a sito, ma'aikatan ne ba sa son sawa. Gaskiya ne cewa a zafin bazarar ƙasar Daura hular kwano da safar roba azaba ce, kuma leburori da dama kan tuɓe su da zarar mai duba aiki ya ba da baya. Kotu na iya rage diyyar wanda aka ba kaya aka kuma gargaɗe shi ya ƙi sawa, amma hakan ba ya sauke nauyin sa ido daga kan mai aikin.

Ta biyu ta faru ne a birnin Landan. Wani makanike mai suna Paris, wanda ya riga ya rasa ganin ido ɗaya a lokacin yaƙin duniya na biyu, yana dukan wani ƙarfe mai tsatsa a garejin ƙaramar hukumar Stepney sai ɓarɓashi ya shiga idon da ya rage masa, ya makance. Ba a saba bai wa masu irin aikinsa tabarau ba, kuma da wannan ne hukumar ta kare kanta. Amma a ƙarshen shekarar 1950 kotun ƙolin Birtaniya ta wancan zamani ta ce tun da hukumar ta san ido ɗaya gare shi, asararsa ta fi ta kowa girma, don haka wajibi ne a ba shi kariya ta musamman.

Diyya a fahimtar jama'a

Hukuncin na Landan ba zai zama baƙo ga malaman fiƙihu na ƙasar Hausa ba. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a Daura da sauran arewacin Najeriya, diyyar ido ɗaya rabin diyyar rai ce, amma idon mutumin da shi kaɗai ya rage masa cikakkiyar diyya gare shi. Cikakkiyar diyya raƙuma ɗari ce ko dinari dubu na zinariya, yatsa guda raƙuma goma, haƙori kuma biyar. A kisa ko babban rauni na kuskure, dangin wanda ya yi kuskuren ne ke haɗuwa su biya, tsarin da ya yi kama da na asusun da ake tarawa domin ranar tsautsayi.

Jihar Katsina na cikin jihohin da suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, kuma da wannan ma'ana ce akasarin jama'a suka san kalmar diyya. Hakan na da nasa tasirin. Tun da a fahimtar mutane diyya abu ce da ake karɓa daga hannun wanda ya yi ɓarna, iyalai da yawa kan ga neman ta a matsayin tuhumar mai gidan da ya taimaki ɗansu da aiki, wanda watakila maƙwabci ne ko suruki. Sai su zaɓi yafewa, suna neman lada. Alhali kuwa diyyar asusun NSITF ba daga aljihun mai gidan take fitowa a ranar ba, kuma neman ta ba ya nufin an ɗora masa laifi.

Inda gizo ke saƙa

Duk wannan tanadi ya dogara ne a kan rajista. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na shekarun 2023 da 2024 sun nuna cewa sama da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Najeriya suna ɓangaren da ba shi da tsari a hukumance ne, inda babu takardar ɗauka aiki, babu ta albashi. Dokar ta ambace su, amma da wuya a sami mai injin niƙa ko mai gidan bulo da ke zuba kashi ɗayan nan cikin ɗari, kuma ma'aikacin da ba a yi wa rajista ba kan sha wuya kafin asusun ya dube shi. Ita kanta hukumar ta sha kokawa cewa gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi da dama ba su shigar da nasu ma'aikatan ba.

A manyan ayyuka kuma akwai matsalar kwangila a cikin kwangila. Babban kamfani ya ba ƙarami, ƙarami ya ba wani shugaban leburori, shi kuma ya kwaso matasa daga ƙauye yana biyansu kullum da yamma. Ranar da haɗari ya auku, sai a rasa wanda zai amsa cewa shi ne ya ɗauke su.

Sannan akwai batun amana. A watan Yulin 2020 gwamnatin tarayya ta dakatar da manyan shugabannin NSITF bisa zargin almundahana, kuma a watan Agustan 2022 labarin da ya fito daga zaman wani kwamitin Majalisar Dattawa, cewa gara ta cinye takardun kashe kuɗi na sama da naira biliyan 17, ya zama abin magana a faɗin ƙasar, ko da yake daga baya hukumar ta musanta hakan. Irin waɗannan labarai sun ba masu ƙin biya abin fakewa.

Ga wanda abin ya riga ya same shi, lauyoyin ƙwadago kan ba da shawarar a riƙe duk abin da zai nuna cewa mutum ya yi aiki a wurin, kuma a can ya ji raunin: katin asibiti da rahoton likita, hoton wurin da na raunin a wayar salula, saƙon banki na biyan lada, da sunayen waɗanda suka shaida. Sanarwa ga mai aikin ta fi ƙarfi idan a rubuce take da kwanan wata, ko da da ajami ne. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya na iya zuwa Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda ke da ofisoshi a manyan biranen jihohi, domin dokarta ta 2011 ta sanya neman diyyar ma'aikata a cikin ƙararrakin da take tsaya wa marasa galihu kyauta.